Kama da Wane Ba Ta Wane: Ƙirga Kwamfutocinka Kamar Yadda Makiyayi Ke Ƙirga Garke

Daga Tawa zuwa Abalak tafiyar sama da kilomita ɗari ce a kan hanyar Agadas, daga Yamai zuwa Tawa kuwa ta haura ɗari biyar. Wannan nisa ne ya sa manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa, irin su TeamViewer da ta fito daga Jamus a 2005 da AnyDesk da ta biyo baya a 2014, suke da amfani a ƙasa irin Adar. Mai gyara yana zaune a Tawa, ya shiga kwamfutar wani ofishi a Kaita ko Buza, allonta ya bayyana a gabansa, ya warware matsalar ba tare da ya ƙona ko lita ɗaya ta mai ba. Sai dai duk wannan sauƙi ya rataya ne a kan abu guda da ba a cika kula da shi ba, wato jerin sunayen na'urorin da ke cikin manhajar. Idan jerin ya cika da maimaici, kwamfuta ɗaya ta fito sau biyu ko uku, to mai ita ya daina sanin abin da ya mallaka.

Yadda maimaicin ke samuwa ba ɓoyayye ba ne. Manhajar ba ta gane kwamfuta da sunan da mutane suka laƙaba mata, da wata lamba mai alƙaluma tara ko goma take gane ta. Idan aka goge kwamfuta aka sake zuba mata Windows, ko aka canza wani babban sashe na cikinta, sau da yawa takan samu sabuwar lamba, tsohuwar kuma ta ci gaba da zama a jeri kamar fatalwa. Ƙura da zafi da ɗaukewar wuta suna kashe na'urori a wannan yanki, don haka irin wannan gyara ba ya yankewa. Ga kuma Microsoft da ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, abin da ya tura mutane da yawa ga sake zubi. Akwai kishiyar wannan, wadda ta fi ta muni: mai gyara ya shirya kwamfuta ɗaya, ya kwafi duk abin da ke cikinta ya zuba wa wasu, lambar ma ta bi su. Nan sai a samu na'urori biyu da lamba ɗaya, mai shiga daga nesa bai san wadda zai faɗa ciki ba.

Wani zai ce, to mene ne laifin suna da ke kwance a jeri, ba ya ci ba ya sha? Yana ci, domin wasu nau'o'in lasisin waɗannan manhajoji suna ƙayyade yawan na'urorin da za a iya rajista, matacciyar na'ura kuwa tana tare gurbin mai rai. Abin da ya fi kuɗi nauyi shi ne tsaro. Tsohon suna yana iya zama na kwamfutar da aka sayar a kasuwa ko aka sace, manhajar na nan a cikinta, wani lokaci har da asusun ofishin a buɗe. A shekarar 2021 ɓarayin intanet sun shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusun shiga daga nesa da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, har kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4. Ƙofar da aka manta da ita, ita ɓarawo ke nema. Ofishin da ke riƙe da sunayen marasa lafiya, ko bayanan kuɗin da ƴan cin rani ke aikowa gida daga Abijan, amanar mutane ce a hannunsa.

Akwai ƙorafi na biyu, kuma ya fi na farko ƙarfi: kada garin gyaran gira a rasa ido. Idan aka goge mai rai aka bar matacciya, dole wani ya hau mota zuwa Cintabaradan don ya mayar da ita. Kuma a arewacin Adar, kwamfutar da ta yi makonni ba ta leƙo intanet ba, ba lalle ta mutu ba, wataƙila rezo ne ya ɗauke ko batirin sola ya gaza. Wannan gaskiya ce, amma abin da take koyarwa shi ne a yi aikin da natsuwa. Makiyayin Azawak ba ya shaida saniyarsa da launi kaɗai, alamar da ke jikinta yake dubawa. Haka nan a nan: a buga waya ga wanda ke zaune gaban kwamfutar ya karanto lambar da manhajar ke nunawa da lambar masana'anta da ke liƙe a jikin na'urar, a gwada da abin da ke cikin jeri, a duba ranar ƙarshe da aka ga kowane suna a kan layi. Wanda ake shakka a kansa, a mayar da shi wani rukuni na daban ya yi wata ɗaya ko biyu kafin a yanke masa hukunci. Masu lamba ɗaya kuma, a sa manhajar ta ba kowace tata.

Goge suna daga jeri ba shi ne ƙarshen aiki ba. Duk kwamfutar da za ta bar hannun ofishi, a cire mata manhajar, a fitar da asusun, a canza kalmar sirri. A kuma daina suna irin "kwamfutar ofis", a sa gari da sashe da lamba, a rubuta a littafi, sannan duk wanda ya sake zuba Windows ya cire tsohon suna a ranar, tun yana tuna wanne ne.

Shugaban ofishi ko mai shago, buɗe jerin nan yau ka ƙirga. Idan kwamfutocinka goma ne amma sunaye sha huɗu, to akwai huɗu da kake bin mai gyaranka bayaninsu.