Kalmar Wayo da Takwarorinta na Ingilishi

Daga cikin kalmomin da ke ba mai fassara wahala tsakanin Hausa da Ingilishi, da wuya a sami wadda ta kai wayo. Dalili kuwa shi ne, Bahaushe yakan yi yabo da ita, yakan kuma yi zargi da ita, alhali Ingilishi ya ware wa kowanne kalmominsa.

Idan dattijuwa a Bungudu ta dubi jikanta ta ce, "Yaron ga ya yi wayo," nufinta ya girma, ya fara sanin fari da baƙi, har ana iya aikensa. Haka nan wanda ya ce mahaifinsa ya rasu tun bai yi wayo ba, ƙuruciya kawai yake nufi. Amma idan manomi ya kai hatsi kasuwar Tsafe ya komo yana cewa mai awo ya yi masa wayo, to ƙarar cuta yake kaiwa. Karin magana ya tabbatar da wannan fuska ta biyu, inda ake cewa wayo ya san na ƙi, da kuma wayon a ci, an kori kare daga gindin ɗinya. Wurin da aka faɗi kalmar shi ke fayyace ma'anarta. A gefenta kuma akwai waɗanda aka aro daga Larabci: hikima da basira da dabara sun fi karkata ga yabo, makirci da hila kuwa zargi ne zalla.

A Ingilishi akwai kalmomi biyar da ɗalibi ya fi cin karo da su. Clever tana nufin kaifin ƙwaƙwalwa da saurin fahimta, galibi yabo ce, ko da yake mutanen Ingila kan faɗe ta da gatse ga wanda ya cika iya yi. Shrewd ana faɗinta ga mai hangen nesa a ciniki ko siyasa, wanda ba a cutarsa da sauƙi. Cunning da crafty suna nuna mai cim ma buƙatarsa ta hanyar yaudara. Sly kuwa ta ƙara da ɓoye-ɓoye, wato mai yin abu a ƙarƙashin ƙasa yana murmushi, kuma ita ce Bature ke siffanta yanyawa da ita a tatsuniyoyinsa, kamar yadda Bahaushe ya ba Gizo da dila wannan hali.

Tarihin kalmomin nan yana da darasi. Cunning tushenta ɗaya da can, ma'anarta ta farko kuwa ita ce sani da gwaninta, sai daga baya ta fara ɗaukar ma'anar yaudara. Crafty a tsohon Ingilishi tana nufin mai ƙarfi ko gwanin sana'a. Sly ta shigo ne daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai da ma'anar ƙwararre. Shrewd kuwa akasin haka ta yi, domin da farko mugu take nufi, daga baya ta koma yabo. Ke nan Turawa ma sun daɗe suna zargin gwani, sai dai kalmominsu sun gama rabuwa, ta Hausa kuwa tana riƙe da fuskokin biyu har yau. Abin lura kuma shi ne, da wayo ta shiga Turancin Buroka na Nijeriya, ma'anar zamba kaɗai ta tafi da ita.

Wannan bambanci ya shafi ma'aikaci kai tsaye. Tun da jirgin ƙasa ya iso Gusau cinikin gyaɗa da auduga ya haɓaka, ake bukatar akawu da tafinta a garin, bukatar kuma ta ƙaru da ya zama hedkwatar Jihar Zamfara a 1996, domin da Hausa ake magana, da Ingilishi ake rubuta takarda. Alal misali, a ɗauka shugaban makaranta zai rubuta wa ɗalibinsa takardar shaida, a zuciyarsa yana cewa yaro ne mai wayo, sai ya rubuta cunning. Ya yi nufin alheri, amma wanda zai karanta zai fahimci an ce masa ya yi hattara da mayaudari, yaron kuma ya rasa gurbin bai san dalili ba. Haka nan tafinta a kotu, idan mai ƙara ya ce an yi masa wayo shi kuma ya fassara da clever, ya mai da tuhuma ta zama kirari.

Saboda haka, kafin a fassara wayo, wajibi ne a tambayi kai: shin akwai wanda aka cuta a cikin zancen? Idan babu, clever ko shrewd sun wadatar, idan kuwa girman yaro ake nufi, sai a faɗi girman a fili. Idan akwai wanda aka cuta, a ɗauki cunning ko crafty ko sly gwargwadon yadda aka ɓoye cutar. Ƙamus, ko da na Bargery ne na 1934, jera ma'anoni kawai zai yi. Zaɓen wadda ta dace aikin mai alƙalami ne, shi ne kuma zai ɗauki alhakin wanda ya ɓata wa suna.