Busasshiyar Ƙanƙara Na Gyara Lotsawar Mota?

Ana yawan cewa idan ƙofar mota ta lotsa, a goga mata busasshiyar ƙanƙara, za ta miƙe. Wannan ƙanƙarar iskar kabon dayokzayid ce da aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili. Akan bar motar a rana ƙarfen ya yi zafi, sannan a ɗora ƙanƙarar a wurin da ya lotsa. Sanyin yakan sa ƙarfen ya tsuke farat ɗaya, wani lokaci ƙaramar lotsawa ta fito.

Idan ƙarfen ya kanannaɗe, ƙanƙarar ba ta aiki. Tana iya fasa fenti, tana kuma ƙona hannu in babu safar hannu mai kauri.

Ga direban da ke gari irin Birchi, samun ƙanƙarar ma wahala ne. Zuwa wurin fanel bita a Dutsin-Ma ya fi sauƙi.