Kafin a Sa Hannu: Darasin Asibitin Zana ga Iyayen Kakuri da Barnawa

A Kakuri, Barnawa ko Sabon Tasha da ke Kaduna, yaro kan dawo daga makaranta da takarda a hannu, ya ce wasu masu bincike sun zo, suna son Baba ya sa hannu. Wani lokaci tambayoyi za a yi wa yaron kan shaye-shaye ko damuwa, wani lokaci kuma jini za a ɗiba. Iyaye da dama sukan dangwala yatsa ba tare da sun san abin da takardar ta ƙunsa ba, musamman idan da Turanci aka rubuta ta.

Abin da ya faru a Kano a 1996 ya isa ya sa uba ya tsaya ya yi tambaya. A wannan shekara annobar sanƙarau ta mamaye Arewa, ta kashe mutane kusan 12,000. Ana cikin wannan tashin hankali sai kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Asibitin Zana, ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara 200 aka ɗauka: kusan rabi aka ba su Trovan, sauran kuma aka yi musu allurar wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu. Wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki.

Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna. Iyayen kuwa suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi, alhali a asibitin akwai likitocin agaji na ƙungiyar MSF da ke ba da magani kyauta. Daga baya aka gano cewa takardar izinin gwajin ma bayan an gama aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka yi sulhu a 2009 kan dala miliyan 75, amma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, bayan gwajin ƙwayar halitta.

Tabon bai tsaya a kan waɗannan iyalai ba. Yana cikin dalilan da suka sa jama'a suka juya wa rigakafin shan-inna baya a 2003, cutar ta sake bazuwa.

Duk da haka, bincike a kan yara dole ne. Hantar yaro da ƙodarsa ba sa sarrafa magani yadda na babba ke yi, saboda haka maganin da ba a gwada a kansu ba, da ka ake auna musu shi. Haka ma a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa: likitocin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa ba za su fahimci abin da ke jefa matasa cikin tiramadol da kodin ba sai sun ji daga bakin matasan. Sai dai a nan sirri shi ne komai. Ɗan shekara 15 da ya faɗi gaskiya, idan sunansa ya fita, kora daga makaranta da tsangwamar unguwa ke jiransa.

Tun 2007 Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. Ya wajabta cewa kwamitin ɗa'a ya duba bincike kafin a fara, a yi wa mutane bayanin da za su gane, kuma wanda ya ƙi shiga ko ya fita ba za a hana shi magani ba.

Saboda haka, ya kai uba, ya ke uwa, idan takardar ta iso gida, ku nemi a karanta muku ita da Hausa. Ku tambayi wane kwamiti ya amince, wa zai ga amsoshin, wa zai ɗauki nauyi idan yaro ya cutu. Shi ma yaron ku ji ta bakinsa kafin ku sa hannu.