Duba Bututun Hayaƙi a Ƙasashen Sanyi

A Ingila da sauran ƙasashen sanyi, mutane sukan hura wuta a cikin ɗaki don jin ɗumi, hayaƙin ya bi ta wani dogon bututu na tubali ko na ƙarfe, ya fita ta saman rufi. Cikin bututun nan akwai wani haɗari wanda ba a ganinsa daga ƙasa.

Kowa ya san kunkunniyar da ke taruwa a rufin madafa. To, abin da ke taruwa cikin bututu ɗan'uwanta ne, Turawa suna ce masa kiriyosot. In itace ɗanye ne, ko kuwa iska ta yi wa wutar kaɗan, hayaƙi yakan tashi da tururi da maiƙo, ya taɓa bangon bututu mai sanyi, ya daskare. Da fari baƙin gari ne, buroshi yana share shi. In aka bar shi sai ya yi ɓawo, daga nan ya koma kamar kwalta mai ƙyalli, ba ya fita sai da wahala. Shi kuwa makamashi ne. In ya kama wuta, zafinsa yakan haura digiri 1,000 a ma'aunin santigired, tubali ya tsage, katakon rufi ya kama, gida ya tashi da gobara.

Ga yadda ake dubawa. A bari murhu ya huce sarai. A haska tocila sama, a karkata madubi don a hango ƙuryar bututun. Sa'an nan a kankare bangon da ɗan ƙarfe, a ga kaurin abin. In ya kai milimita 3, wato kashi ɗaya cikin takwas na inci, lalle a share kafin a sake hura wuta. A kuma lura da tsaga da sheƙar tsuntsu, gama bututun da ya toshe yakan komo da wata iska mai guba cikin ɗaki, wadda ba ta da wari, ta kashe mai barci. Ana yin wannan duba sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya shigo.

Dā yara ƙanana ake cusawa cikin bututu su yi sharar. A 1775 wani likitan Landan, Percivall Pott, ya gane kunkunniya tana sa musu ciwon daji, amma sai da dokar 1875 ta fito wannan zalunci ya ƙare a Ingila. Yau buroshi mai doguwar sanda ake zurawa, da ƙaramar kyamara.

Maigida mai hankali kuwa yakan ajiye itacensa ya bushe sosai kafin ya ƙona shi, don rigakafi ya fi magani.