Waya na Ta Ƙara, Ciniki na Ta Raguwa

Gwaggona tana sana'ar dambun nama a cikin birnin Kano, kuma shekara da shekaru ba ta taɓa biyan kowa kuɗin talla ba. Wanda ya ci shi ke faɗa wa wani. Da 'ya'yanta suka matsa mata, sai ta biya wani matashi ya rubuta mata talla, aka sa a rediyo, aka kuma yaɗa a WhatsApp. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a 2003 gidajen rediyo masu zaman kansu ke ta ƙaruwa a Kano, har ta kai mai ƙaramar sana'a ma na iya sayen minti guda.

Tun da tallar ta fita, daga safe har dare waya ba ta hutawa, amma ciniki bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi. Abin da ya fi ɗaure kai, tsofaffin masu saye da yawa sun ɗauke ƙafa.

"Ɗan nan, zo ka duba mini," in ji ta, "ko baki ne ya kama ni."

Da dambun muka fara. Mahaucin da ke kawo mata nama daga kwata bai canza ba, mai da kayan yaji suna nan yadda suke, ɗanɗano kuma bai gusa ba. Farashi bai motsa ba. Lambar wayar da ke cikin tallar daidai take.

Sai na zauna kusa da ita ina sauraron masu kira. Wani sari yake so ya kai Sabon Gari. Wani yana tambayar kuɗin aikawa Fatakwal. Wata baiwar Allah kuwa cewa ta yi, "Hajiya, shi ne wanda ke ƙara wa mai jego jini?" Gwaggo ba ta ba da sari, ba ta aikawa wajen gari, ba ta kuma taɓa cewa dambunta magani ne ba. To a ina suka ji?

Na nemi a ba ni tallar a rubuce, domin a rediyo kiɗa ya danne rabin maganar. Ga jimlolin nan a jere: farashi mai rahusa, sari da ɗaiɗai, muna aikawa ko'ina, yana ƙara jini da kuzari.

"Gwaggo, matashin ya taɓa zuwa gidan nan?"

"Ina fa! Sunan sana'a da lambar waya kawai ya tambaya."

Da na bibiyi ayyukan da ya yi wa wasu, sai na tarar da jimlolin nan a tallar mai zuma da ta mai man shanu. Suna kawai yake sauyawa. Maganar ƙarin jini ta fi tayar mini da hankali, domin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana sa ido kan abin da ake faɗa a tallar abinci da magani, kuma tun 2022 dokar da ta kafa ARCON a madadin APCON ta tanadi a tantance talla kafin a fitar da ita. Ranar da aka zo tambaya, ƙofar mai kaya za a fara ƙwanƙwasawa.

An gano masu kiran banza. Saura waɗanda suka gudu.

Amsar tana cikin littafin da take rubuta ciniki. Duk shekara cinikin yana yin sama a Satumba, da Janairu, da kuma farkon zango na uku. Ashe yawancin masu sayenta iyaye mata ne masu 'ya'ya a makarantun kwana. Gwaggo ta kira ɗaya daga cikinsu.

"Hajiya, lafiya kwana biyu shiru?"

Matar ta ɗan yi kwana-kwana, sannan ta faɗi gaskiya. Ta ji an ce rahusa alhali nama na ta tsada, sai ta ɗauka an fara rage suya don ya yi nauyi. Dambun da bai soyu ya bushe ba kuwa fumfuna yake yi a akwatin yaro kafin ranar ziyara. Araha ba ta ado, in ji ta. Kalma ɗaya ta rushe abin da suke biyan kuɗi dominsa.

Da aka zo neman wani marubucin, Gwaggo da kanta ta yi zaɓe. Duk wanda ya yanka kuɗin aiki kafin ya yi tambaya, sai ta yi masa godiya ta sallame shi. Wadda ta ɗauka wata matashiya ce da ta zo ta zauna har aka gama suya. Ta tambayi su wa ke saye, yaushe, nawa ake iya yi a mako, tsawon wane lokaci yake yi bai lalace ba. Da ɗaya daga cikin yaran ya ce a saka "ko'ina a Najeriya", ta ce, "Mama, in ba za ku iya kaiwa ba, kada mu faɗa." Na duba tallace-tallacenta na baya, babu biyu da suka yi kama.

Aka rubuta sharuɗɗa: rabin kuɗi kafin aiki, gyara sau ɗaya kyauta, rubutun kuma mallakar Gwaggo ne. Sabuwar tallar ta yi magana da uwa mai haɗa kayan komawa makaranta, ta faɗi farashi ƙarara, ta ce a yi oda da wuri. An sa ta ana saura kwanaki a koma makaranta. Kira ya ragu sosai, amma kusan duk wadda ta kira, tambayarta ita ce yaushe za ta aiko a karɓa.