Me ya sa fayiloli ke "ɓacewa" idan ofis ya sauya domen?

Idan kamfani ya haɗe da wani ko ya sauya suna, sau da yawa akan mayar da kwamfutocinsa kan sabon domen, wato tsarin da ke tantance wanda zai shiga kowace kwamfuta. Washegari ma'aikaci ya kunna tasa, sai ya tarar da ita fayau, babu takardu, babu hotuna.

Fayilolin suna nan daram. Windows ba da suna take gane mutum ba, da wata lamba ce da ake kira SID. Sabon domen yana ba shi sabuwar lamba, sai Windows ta ɗauke shi baƙo, ta buɗe masa sabon furofayil. Tsohon kuwa yana ajiye a C:\Users.

Masu kula da kwamfutoci suna da maganin wannan. A manhajar USMT ta Microsoft, ScanState ke kwashe bayanan, LoadState kuma ya zuba su a sabon asusun. Wasu kan yi amfani da User Profile Wizard na ForensiT, wanda ke haɗa tsohon furofayil da sabon asusun kai tsaye.

Abin da ya fi saurin salwanta shi ne kalmomin sirrin da Chrome ya adana, domin da makullin tsohon asusun aka kulle su. Saboda haka ya kamata ma'aikaci ya fitar da su tun kafin ranar ƙaura, ya kuma adana lambobi 48 na buɗe BitLocker.

Waya ma ba a bar ta a baya ba. Idan adireshin shiga ya sauya, sai an sake shiga Outlook da Teams, a kuma sake rajistar Microsoft Authenticator.