Kalgon Sakkwato da Kalgon Maraɗi

Wanda ya fita Sakkwato ta Ƙofar Dundaye ya nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zai ratsa fadamar Rima ya wuce gawo da sabara da kalgo ba tare da ya waiwaya ba. A cikin jami'ar kuwa, wadda aka kafa a 1975, akwai ɗakin da ake adana busassun ganyen irin waɗannan itatuwa, kowanne a manne da takarda, da sunansa da inda aka tsinko shi. Wannan shi ne ilimin tantance halittu: a san wane ne wane a cikin tsirrai da ƙwari da tsuntsaye. Ra'ayina shi ne, ɗakin nan ya fi buƙatar Yamai da Maraɗi fiye da yadda yake buƙatar Landan.

Dalili a fili yake. Daga Sakkwato zuwa Illela da Ƙonni bai kai kilomita 100 ba, Gulbin Maraɗi ma daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya dawo ya faɗa Rima. Jan-baki da fara ba sa tsayawa a shingen kwastam. Amma ilimin namu Turawa biyu ne suka raba shi. Likitan nan J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafinsa na 1916, samfuran da aka tsinka a wancan zamani kuma aka kwashe su zuwa Kew a Ingila, na Nijar da yawa suka tafi Faransa. Babban ɗakin adana tsirrai na Najeriya yana Ibadan, can cikin kurmi, nesa da ciyawar Sahel. Sai ya zama malamin Sakkwato ya fi sanin abin da aka rubuta a Turai fiye da abin da takwaransa na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya tara, alhali harshe ɗaya suke yi a kasuwa.

Wani zai ce ai Bahaushe ya riga ya raɗa wa kowane icce suna. Gaskiya ne, kuma makiyayi da mai maganin gargajiya malamai ne da ba a biyan su haƙƙinsu. Sai dai sunan gida yakan haɗa abin da ya kamata a raba. Abin da muke kira kalgo iri biyu ne a wajen masana, Piliostigma reticulatum da Piliostigma thonningii, mai binciken magani kuwa idan ya cakuɗa su, sakamakonsa ya tashi a banza. Wani kuma zai ce ana fama da yunwa, wa ke ta busasshen ganye? A tuna da 2016, lokacin da wata tsutsa daga nahiyar Amurka ta afka wa masara a Najeriya. Sai da masana na cibiyar binciken noma ta IITA suka tabbatar da cewa baƙuwa ce, ba tsutsar da aka saba da ita ba, kafin a san irin yaƙin da za a yi mata.

Hujjar masu suka mafi nauyi ita ce siyasa: an rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, Nijar ta kuma fice daga ECOWAS a 2025. To amma aikin nan ba ya jiran taron shugabanni. Hoton samfuri yana tafiya ta intanet, ɗalibin Sakkwato zai iya yin damina ɗaya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ta Maraɗi, nasu ya zo nan. Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar tana Yamai tun 1971. Shugabannin jami'o'in nan uku su fara da kundi guda na tsirran kwarin Rima, da sunan Hausa a gaban na Latin.